Zanen shataletale a OpenStreetMap

Zanen shataletale a OpenStreetMap shi ne tsarin da masu aikin sa-kai suke bi wajen shigar da shataletale cikin taswirar OpenStreetMap, da kuma gyara wanda aka riga aka shigar. Shataletale, wanda wasu ke kira randabawul, mahaɗar tituna ce mai siffar da'ira inda ababen hawa suke zagaya wani tsibiri da ke tsakiya ta fuska ɗaya, kuma mai son shiga yake jiran wanda ke ciki ya wuce. A taswirar ana zana shi ne a matsayin rufaffen layi, a sa masa laƙabin junction=roundabout, sannan a haɗa shi da kowane titi da ya shigo cikinsa.

A ido aikin bai wuce zana da'ira ba, amma yana daga cikin wuraren da sababbin masu zane suka fi yin kuskure. Dalili shi ne taswirar ba hoto ba ce kawai, rumbun bayanai ce da manhajojin nuna hanya suke karantawa. Daga wannan da'irar ne manhaja take ƙirga mafita ta ce wa direba ya fita ta biyu ko ta uku. Idan aka juya fuskar layin, ko aka bar wani titi bai haɗu da shi ba, zanen zai yi kyau a allo amma umarnin da direba zai ji ba daidai ba ne.

Tubalan taswirar

Steve Coast ne ya kafa OpenStreetMap a Birtaniya a shekarar 2004. Kowa yana iya buɗe asusu kyauta ya yi gyara a cikinta, kuma tun shekarar 2012 bayananta suna ƙarƙashin lasisin ODbL, wanda ya ba kowa damar amfani da su bisa wasu sharuɗɗa, ciki har da ambaton inda ya samo su.

Duk abin da ke cikin taswirar da abubuwa uku aka gina shi. Na farko shi ne ɗigo, wato wuri guda mai lambobin da ke nuna matsayinsa a doron ƙasa. Na biyu shi ne layi, wato jerin ɗigogi da aka bi ɗaya bayan ɗaya. Kowane layi yana da fuska, daga ɗigon da aka fara zuwa wanda aka ƙare a kansa, kuma idan ɗigon farko shi ne na ƙarshe, layin ya zama rufaffe. Na uku ita ce alaƙa, wadda take tattara ɗigogi da layuka wuri guda don su bayyana abu ɗaya, kamar hanyar da wata motar bas take bi daga tasha zuwa tasha.

Ɗigo ko layi ba ya da ma'ana sai an sa masa laƙabi. Laƙabi yana da kashi biyu da alamar daidai a tsakaninsu: na farko yana faɗin irin bayanin, na biyu kuma yana ba da bayanin kansa. Misali, highway=primary yana nufin babban titi, oneway=yes kuma yana nufin titin da ake bi ta fuska ɗaya, wanda direbobi suke kira wanwe. Laƙabobin da Ingilishi ake rubuta su a duk duniya, kuma ba a fassara su, domin manhajoji haruffan suke karantawa kamar yadda suke.

Abin da ake ɗauka shataletale ne

Ba kowace mahaɗa mai siffar da'ira ce shataletale ba a wajen masu taswirar, kuma wannan bambanci ya samo asali ne daga tarihin tituna. An fara tilasta wa motoci zagaya da'ira ta fuska ɗaya a farkon ƙarni na 20, kamar a Columbus Circle na birnin New York a shekarar 1905 da dandalin Etoile na birnin Paris a shekarar 1907. A irin waɗannan tsofaffin da'irori, sau da yawa mai shigowa ne yake da hannu, abin da kan sa da'irar ta cika ta toshe idan motoci suka yi yawa. A shekarar 1966 Birtaniya ta mayar da shi doka cewa mai shigowa ne zai jira wanda ke zagayawa. Wannan ƙa'ida ce ta haifar da shataletalen zamani, kuma ita ce ma'aunin da taswirar take amfani da shi.

Saboda haka akwai laƙabobi daban-daban ga abubuwan da suka yi kama da juna:

junction=roundabout: da'irar da ake bi ta fuska ɗaya, masu zagayawa ne suke da hannu, kuma akwai tsibiri a tsakiya da mota ba ta iya bi ta kansa. Ana zana shi a matsayin layi.

junction=circular: da'irar da ba ta cika sharaɗin ba da hannu ba, wato masu zagayawa sukan tsaya wa masu shigowa a mashiga ɗaya ko fiye. Babban misali shi ne dandalin Etoile, wanda yanzu ake kira Place Charles de Gaulle. Tituna 12 ne suke haɗuwa a wurin, kuma mai shigowa ne yake da hannu.

highway=mini_roundabout: ƙaramin shataletale wanda tsakiyarsa fenti ne kawai ko ɗan tudu marar tsayi, yadda tirela ko doguwar bas za ta iya taka shi ta wuce. Ba a zana masa da'ira, ɗigo ɗaya ake sa wa laƙabin a inda titunan suka haɗu. Injiniyan Birtaniya Frank Blackmore ne ya shahara da ƙirƙiro irinsa.

highway=turning_circle da highway=turning_loop: wurin juya mota a ƙarshen titin da bai ɓulle ba. Na farko fili ne kawai da aka faɗaɗa, na biyu yana da tsibiri a tsakiya. Dukansu ba mahaɗa ba ne.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗaukar cewa girma ne yake raba shataletale da ƙaramin shataletale. Abin da yake raba su shi ne ko ana iya bi ta kan tsakiyar. Da'ira komai ƙanƙantarta, idan akwai dakalin siminti, bishiya, turken fitila ko gunki a tsakiyarta, layi ake zana mata. Wannan yana da muhimmanci ga manyan motoci, domin tanka da za ta iya taka fenti ba lallai ne ta iya zagaya ƙaramin dakali ba. Haka kuma, rumfar jami'in ba da hannu da ke tsakiyar mararraba ba ta mayar da wurin shataletale, muddin motoci ba zagaya ta suke yi ta fuska ɗaya ba.

Fuskar zagaye

Laƙabin junction=roundabout yana ɗauke da ma'anar wanwe a cikinsa, don haka ba a buƙatar ƙara oneway=yes. Manhaja tana ɗauka cewa motoci suna bin fuskar da aka zana layin. Wannan ya sa jerin ɗigogin ya zama bayani mafi muhimmanci a duk zanen.

A ƙasashen da ake tuƙi a hannun dama, motoci suna zagaya shataletale ne saɓanin yadda hannun agogo yake juyawa. A ƙasashen da ake tuƙi a hannun hagu, kamar Birtaniya, Indiya, Japan, Kenya da Afirka ta Kudu, hannun agogo suke bi. Najeriya ta koma hannun dama a ranar 2 ga Afrilu, 1972, Ghana kuma a shekarar 1974. Nijar, Kamaru, Chadi da Sudan su ma hannun dama suke bi. Mai zane da yake koyo daga misalan Birtaniya, inda taswirar ta samo asali, yana iya ɗauko fuskar da ba ta dace da ƙasarsa ba idan bai lura ba.

Misali zai nuna abin da juyin fuska yake jawowa. A ɗauka akwai shataletale mai rassa huɗu a ƙasar da ake bin hannun dama, kuma mota ta taso daga kudu. Mafitar farko da za ta tarar ita ce ta gabas, ta biyu ta arewa, ta uku ta yamma. Idan an zana da'irar a juye, manhaja za ta ɗauka cewa yamma ce ta farko. Direban da yake son zuwa yamma zai ji an ce ya fita ta farko, ya bi umarnin, ya samu kansa a titin gabas. Wanda yake son miƙewa arewa kaɗai ne ba zai ga matsala ba, domin ta kowace fuska aka ƙirga mafitarsa ta biyu ce. Shi ya sa irin wannan kuskure yakan daɗe ba a gano shi ba.

Shi kuwa ƙaramin shataletale, tunda ɗigo ne ba shi da fuska ta kansa. Idan ba a faɗi komai ba, ana ɗauka saɓanin hannun agogo ake bi. A ƙasashen hannun hagu ana ƙara masa direction=clockwise.

Yadda ake zanawa

Manhajojin gyara guda biyu ne aka fi amfani da su a kwamfuta. iD ita ce take buɗewa a cikin burauza idan aka latsa maɓallin gyara a shafin OpenStreetMap, kuma ta fito ne a shekarar 2013. JOSM kuwa sauke ta ake yi a kwamfuta, ta fi yawan kayan aiki, kuma ƙwararru sun fi son ta. Akwai kuma na waya, kamar Vespucci a Android da Go Map!! a iPhone, sai dai zana da'ira mai kyau da yatsa yana da wuya.

Kafin a fara zane ana duba hoton tauraron ɗan adam da ke ƙarƙashin taswirar. Hotunan sukan goce da 'yan mitoci daga ainihin wurin, kuma hotuna biyu na wuri ɗaya sukan saɓa wa juna. Ana daidaita hoton da sawun GPS da mutane suka ɗora, ko da titunan da aka riga aka zana da kyau a kusa. Idan aka tsallake wannan, shataletalen zai fito a karkace da sauran unguwar.

A iD matakan su ne kamar haka:

1. A zaɓi kayan zana layi, a ɗora ɗigogi a kan tsakiyar kwaltar da motoci suke bi, ana bin fuskar da suke zagayawa. Ba a bin gefen tsibiri, ba a kuma bin gefen waje.
2. A dawo kan ɗigon farko a latsa shi don layin ya rufe.
3. A zaɓi irin titin, sannan a sa junction=roundabout. Ƙananan kibau za su bayyana a kan layin suna nuna fuskarsa.
4. A yi amfani da umarnin Circularize, wanda maɓallinsa harafin O ne. Zai mayar da zanen cikakkiyar da'ira ya ƙara ɗigogi inda ake buƙata.
5. Idan kibau sun nuna fuskar da ba ita ba, umarnin Reverse, wato harafin V, yana juya layin.
6. A haɗa titunan da suka shigo, a cire guntayen da suka ratsa tsakiyar da'irar.
7. A adana aikin tare da gajeren bayanin abin da aka yi da hoton da aka dogara da shi.

A JOSM ana iya ɗora ɗigogi biyu ko uku a kan kwaltar, a latsa Shift da O tare, manhajar ta ƙirƙiro da'irar da kanta. Harafin O shi kaɗai yana jera ɗigogin da suke nan a kan da'ira, R yana juya fuska, P yana raba layi, C kuma yana haɗe layuka. Maɓallan manhajojin biyu ba ɗaya ba ne: R a iD jujjuya zane yake yi a kan allo, ba juya fuskar layi ba.

Babu adadin ɗigogi da aka wajabta. Idan sun yi kaɗan da'irar takan fito da kusurwoyi, idan kuma sun yi yawa gyaranta yakan yi wa na gaba wuya. Kuma ba kowane shataletale ne cikakkiyar da'ira ba. Akwai masu siffar ƙwai da masu tsawo, kuma irin waɗannan siffarsu ta ainihi ake bi, ba a tilasta musu zama da'ira.

Haɗa tituna da da'irar

A taswirar, layuka biyu ba su haɗu ba sai sun yi tarayya a ɗigo ɗaya. Titi yana iya taɓa da'irar a ido alhali ɗigonsa na ƙarshe yana gefe da ɗan taƙi. A wajen manhajar nuna hanya wannan titi bai ɓulle ba, don haka za ta zagaya da matafiyi ta wata hanya mai nisa, kuma ba za ta sa shi cikin ƙirgar mafita ba.

Ƙa'ida ta biyu ita ce kowane titi ya samu ɗigonsa na daban a kan da'irar. Idan mashigar wani titi da mafitar na kusa da shi suka haɗu a ɗigo ɗaya, manhaja tana iya ɗauka cewa mota ta wuce daga wannan zuwa wancan ba tare da ta shiga shataletalen ba, sai ta ce wa direba ya karya kwana kawai. Ko da tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa, ana barin ɗan guntun da'ira a tsakani.

Yawancin manyan shataletale suna da ƙaramin tsibiri mai kusurwa uku a bakin kowane reshe, wanda yake raba masu shiga da masu fita. A nan ana raba titin gida biyu tun daga inda tsibirin ya fara: layi ɗaya ya shiga, ɗaya ya fita, kowanne da oneway=yes da fuskarsa daidai. Waɗannan guntaye ba sa cikin da'irar, don haka ba a sa musu junction=roundabout. Idan titin tagwaye ne tun asali, kowane hannu yana haɗuwa da da'irar a nasa ɗigon. Idan kuwa babu wani shinge, fenti ne kawai a ƙasa, titin layi ɗaya ne har ya isa da'irar.

Wasu shataletale suna da ɗan titin gefe da yake ba masu juyawa zuwa reshen farko damar wucewa ba tare da sun shiga da'irar ba. Shi ma layinsa daban ake zanawa, kuma ba ya taɓa da'irar.

Sauran laƙabobi

Da'irar tana buƙatar laƙabin highway kamar kowane titi, domin junction=roundabout shi kaɗai ba ya mayar da layi titi. Idan tituna masu matsayi daban-daban suka haɗu, yawanci ana ba da'irar matsayin titi mafi girma da ya ratsa ta, domin kada babban titi ya yanke a tsakiya. Ana iya ƙara lanes don yawan sahun motoci, surface don irin shimfiɗar, da maxspeed idan akwai allon da ya ƙayyade gudu. Wurin da ake tsayawa a ba da hannu ana sa masa highway=give_way a kan titin da ke shigowa, wurin tsallakawar masu tafiya a ƙasa kuma highway=crossing.

Batun suna yana buƙatar kula. Laƙabin name na shataletalen ne shi kansa, ba na titunan da suka shigo ba. Idan ba shi da suna, barinsa ake yi babu. A birane da yawa na Afirka ta Yamma shataletale shi ne abin da ake kwatance da shi, kuma sunan da ke bakin mutane yakan bambanta da wanda hukuma ta sa. Taswirar tana da wurin kowanne: name don sunan da aka fi sani kuma ake gani a wurin, official_name don na hukuma, loc_name don wanda 'yan unguwa suke faɗa, old_name don tsohon suna, da name:ha don sunan da Hausa. Cike waɗannan yana sa mai nema ya samu wurin da kowane suna ya rubuta.

Tsibirin tsakiya abu ne daban da titin. Idan ana so a nuna shi, ana zana masa nasa rufaffen layin a cikin da'irar, a sa masa landuse=grass idan ciyawa ce. Gunki, hasumiya ko maɓuɓɓugar ruwa da ke tsakiya kowanne ɗigonsa ake sa masa. Ba a ɗora waɗannan laƙabobi a kan layin titin.

Gyaran wanda aka riga aka zana

Kowane ɗigo da layi yana da lambarsa da tarihinsa, wanda yake nuna wanda ya taɓa shi da lokacin da ya yi. Saboda haka al'adar masu taswirar ita ce a gyara abin da ke nan maimakon a goge a sake. Gogewa tana yanke tarihin, kuma tana iya tafiya da bayanan da ba a gani a allo.

Mafi yawan waɗannan bayanai a cikin alaƙoƙi suke. Shataletale ɗaya yana iya kasancewa cikin alaƙar babbar hanya mai lamba da ta hanyoyin bas da yawa a lokaci guda. Idan aka goge shi, duk waɗannan hanyoyi za su samu giɓi a wurin.

Alaƙoƙin ne kuma suka jawo saɓanin da aka daɗe ana yi kan raba da'ira. Motar bas ba ta zagaya shataletale gaba ɗaya, wani ɓangare take bi ta fita. Wasu masu zane suna raba da'irar gunduwa-gunduwa don su sa ɓangaren da motar take bi kaɗai a cikin alaƙar. Wasu kuma suna ganin barinta a dunƙule ya fi, domin gyaranta ya fi sauƙi, kuma manhaja tana iya gano ɓangaren da kanta. Duka hanyoyin biyu ana amfani da su. Abin da aka yarda da shi shi ne, idan an raba, kowane guntu ya riƙe junction=roundabout da fuskarsa daidai, kuma wanda ya tarar da da'ira a rabe kada ya haɗe ta sai ya duba abin da ya sa aka raba. Umarnin Circularize na iD rufaffen layi yake buƙata, don haka rababbiyar da'ira a JOSM aka fi daidaita ta, a zaɓi guntayen duka a latsa O.

Akwai inda rabawa ta zama dole. Idan shataletale yana saman babbar hanya, ɓangarorin da suke kan gada ana raba su a sa musu bridge=yes da layer=1, kuma ba sa tarayya a ɗigo da titin da ke ƙasa. Haka ma idan yawan sahun motoci ya canza daga wani ɓangare zuwa wani.

Lokacin da aka mayar da mararraba shataletale, ana raba tsofaffin titunan a inda suka gamu da sabuwar da'irar, a cire guntayen ciki, sannan a sa da'irar cikin alaƙoƙin da guntayen suke ciki. Akasin haka ma yana faruwa. A Kano, an gina gadar sama da ta ƙasa a wurin shataletalen Dangi da ke kan titin Zariya, kuma sunan bai bar bakin mutane ba. A irin wannan hali ana sake tsara layukan bisa abin da ke wurin yanzu, a bar sunan a inda mai nema zai same shi. Hoton tauraron ɗan adam yakan tsufa da shekaru, don haka wanda yake zane daga nesa yana iya mayar da wuri yadda yake a da, yana zaton gyara yake yi. Duba tarihin layin kafin a taɓa shi yana hana wannan.

Masu wuyar sha'ani

Wasu mahaɗu ba sa shiga ƙa'ida ɗaya. Shahararren misali shi ne Magic Roundabout na garin Swindon a Ingila, wanda aka buɗe a shekarar 1972. Ƙananan shataletale biyar ne suka kewaye tsibiri ɗaya. Kowanne daga cikin biyar ɗin hannun agogo ake bi a kansa kamar sauran na ƙasar, amma a da'irar ciki motoci saɓanin haka suke tafiya. Ba a iya ɗaukar irin wannan a matsayin shataletale ɗaya, sai dai a zana kowane ƙarami da kansa, a haɗa su da guntayen tituna.

Akwai kuma samfurin da ake kira turbo, wanda aka ƙirƙiro a ƙasar Holan. A cikinsa direba yana zaɓar sahunsa tun kafin ya shiga, kuma ɗan shinge yana hana shi canza sahu a ciki. Siffarsa kamar naɗi take, ba cikakkiyar da'ira ba, don haka bayanan sahu irin su turn:lanes suna da muhimmanci a kansa fiye da kyan zagayen.

Gano kurakurai

iD da JOSM duka suna duba aiki kafin a ɗora shi, su yi gargaɗi kan titunan da suka gitta juna ba ɗigon tarayya, ko wanda ya ƙare dab da wani bai haɗu da shi ba. Akwai kuma Osmose, wanda yake bin taswirar ƙasa-ƙasa yana nuna wuraren da yake zargi, ciki har da shataletalen da fuskarsa ta saɓa wa hannun tuƙin ƙasar, da da'irar da ta yi kama da shataletale amma ba ta da laƙabinsa. Gargaɗin waɗannan kayan aiki zato ne, mutum ne yake tabbatarwa.

Hanya mafi sauƙi ta gwaji ita ce neman hanya a shafin OpenStreetMap, wanda yake amfani da injunan OSRM, GraphHopper da Valhalla. Ana sa mafari a wani reshe da maƙura a wani, a ga ko layin ya zagaya ta fuskar da ta dace, kuma ko lambar mafitar ta yi daidai. Injunan ba sa ɗaukar sabon gyara nan take, don haka akan jira kafin sakamako ya canza. Manhajojin waya irin su OsmAnd da Organic Maps su ma sai an sabunta taswirar da aka sauke.

Inda ake samo bayani

Ƙa'idar taswirar ita ce a zana abin da wani zai iya zuwa wurin ya tabbatar. Ana dogara da sanin wuri, sawun GPS, hotunan titi na Mapillary da KartaView, da hotunan sama da masu su suka ba da izini, kamar na Bing da Esri. Ba a yarda a kwafa daga Google Maps ko wata taswira mai haƙƙin mallaka ba, ko da suna ne kawai, kuma abin da aka gano an kwafo cire shi ake yi.

Hoton sama yana nuna siffar da'ira, amma ba ya nuna wanda yake da hannu, ko sunan da ake kiran wurin, ko an rufe wani reshe. Waɗannan sai wanda yake bin titin ne ya san su. Wanda ya ga kuskure amma bai iya gyara ba yana iya barin ɗan rubutu a kan wurin a shafin taswirar, ya faɗi abin da ya gani, wani mai zane ya ƙarasa aikin.

Duba kuma

OpenStreetMap
Shataletale
Taswira
GPS
Tuƙin hannun dama da na hannun hagu